Mai Warin Za A Zuba

Shekarar da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na gwamnati, suka sauka, kowane ma'aikaci a Ƙanƙara ya sayi abin da ransa ya daɗe yana kwaɗayi. Wasu rediyo mai kaset, wasu babur. Wani malamin asibiti har firji ya sayo alhali unguwarsu babu lantarki, ya koma yana ajiye huluna a ciki. Maigidana kuwa, Malam Harisu malamin gona (a takarda na rubuta, ba da baki na faɗa ba), sai ya tafi Funtuwa wajen gwanjon tsofaffin motocin auduga, ya dawo da jif koriya mai rufin tamfol, da benci biyu a baya suna kallon juna.

Daga gilashi zuwa gaba, motar nan ba ta rasa gata ba. Kullum da safe sai ya ɗaga bonet a ƙofar gida, ya goge injin da tsumma, ya zaro sandar awon baƙin mai ya nuna wa duk wanda ya zo wucewa, ko da mai tallar koko ce. Daga gilashi zuwa baya kuwa marainiya ce. Ban taɓa ganin ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ba.

Bayan nan shi ne wurina. Mace ba ta zama gaba kusa da mijinta a ratsa gari da ita, balle ga babba a mota, kuma kullum akwai babba. Baba Nata'ala, ƙanen mahaifin Malam, tun ranar da motar ta zo ƙafafunsa suka manta hanyar kasuwa. Shi ke gaba, ya saki gwiwar hannu ta taga yana amsa gaisuwa kamar shi ya saya. Ni ina baya da goyo, daidai saman ƙafafun motar. A nan na fara jin kukan.

Siriri ne, kamar sauro ya samu kunne. In Malam ya taka totur sai ya tashi, in ya ɗaga ƙafa sai ya lafa. Daga ƙarƙashin bencina yake fitowa, har ina jinsa a tafin ƙafata. Su a gaba ba abin da suke ji sai rurin inji da labaran Baba. Ni ko na yi wata da watanni ina koyon rarrabe kuka, na yunwa daban, na rigima daban, na ciwo daban. Wannan na ciwo ne.

Da a ce yawon gari ne kawai da na yi shiru. To amma lokacin yaye ya yi, an sa rana za a kai yarinyar da nake goyo garin Sabuwa wurin mahaifiyata. Baba kuma ya sayi injin niƙa zai kafa a can tare da wani amininsa, ya aro 'yar tirela mai ƙafa biyu, ya ce tunda mota za ta, ai sai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ga damina ta kankama, ga hanyar da ta wuce Faskari duk hawa da gangara da rafuka. Mota mai ciwon baya za a ɗaura wa injin niƙa a gindi, a ɗora yarinyar a kan wurin ciwon.

Abin da ya ɗaure mani baki shi ne, yarinyar nan 'yar fari ce. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, in ta faɗi a gaban surukai sai in kau da kai har wani ya ɗauke ta. Ga shi kuma sunan mahaifiyar Malam aka sa mata, kwaɗo biyu ke nan a bakina. Yarinyar nan nake ce mata, ko baƙuwa. Ba yadda za a yi in buɗe baki in ce ina jin tsoro saboda ita. Sai na nemi wanda zan ji wa tsoro a fili, na samu injin niƙan Baba.

Na ce wa Malam bayan motar na kuka, kuma abin tausayi ne a ce sabon inji ya kwana a daji. Ya dube ni ya ce bai san ni da injin niƙa muna da zumunci ba, shi dai bai ji komai ba, kuma jiya-jiya ya sake baƙin mai. Na ce ba a gaba ciwon yake ba. Na roƙe shi ya zauna inda nake zama sau ɗaya tak. Ya ce in mutanen Ƙanƙara suka gan shi a bayan motarsa wani na tuƙi, kafin la'asar za a ce an kama shi ne ana kai shi Katsina. Na bar maganar, amma tuwon daren ranar da na kashegari ban sa man shanu ba, da ya tambaya na ce hankalina na kan injin Baba.

A rana ta uku ya ɗauki Gide bakanike suka fita bayan gari, can hanyar gonaki inda ba mai ganinsu sai shanu. Gide ya tuƙa, Malam ya naɗe babbar riga ya hau benci. Ya dawo hula a karkace, yana shafa ƙugu, ya shaida mani cewa ya gano wani ɗan ƙara a bayan motar, kuma Allah ya sa shi mutum ne mai lura. Na ce Allah ya ƙara basira. Ya kuma tambaye ni ko dama haka bencin nan yake da tauri. Na ce tun ranar da aka saye shi.

Gide ya taɓa zama wani gareji a Kaduna, kuma ba ya iya kai magana ƙarshe bai ratsa ta Kaduna ba. Ya zo ƙofar gida da akwatin sifanu, ya aika a ba shi tasa, na ba da tsohuwar tasar wanke-wankena wadda har yau ban sake ganinta ba. Ni ina cikin zaure bayan ƙyaure, ina leƙe ta tsagar katako, yarinyar na barci a bayana. Ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya nuna wa Malam wani tulun ƙarfe da ke tsakanin ƙafafun baya. Ya ce shi ake kira bak-aksil, a cikinsa akwai haƙora masu juya tayoyi, kuma a cikin mai suke iyo. Malam ya ce ai ya sani. Gide ya kwance notin ƙasa.

Abin da ya zubo ba mai ba ne. Fari-fari ne, tsululu, kamar kunun kanwa da ya kwana, kuma ko rabin tasar bai kai ba. Gide ya ce ruwa ne ya shiga garin ratsa rafuka zuwa duba gonaki, don laka ta toshe 'yar hudar da tulun ke numfashi ta ciki, kuma a Kaduna in aka ga irin wannan sai an tara yaran gareji su kalla. Ya murza kunun a yatsa, ya ce haƙoran ba su ci juna sosai ba tukuna, a wanke da kananzir a zuba sabon man giya, shi ke nan.

Ranar kasuwa Malam da Baba suka tafi wurin mai sayar da mai. Duro biyu ne da shi, in ji Malam da ya shigo cikin gida yana ba ni labari. Ɗaya lamba casa'in, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, har sai da Baba ya ja da baya yana salati. Ɗayan lamba ɗari da arba'in, mai kauri, ja-ja kamar zuma, ba wari ko kaɗan. Baba ya shinshina su yadda ake shinshina man shanu a hannun Fulani, ya yanke hukunci cewa mai warin ya lalace, kuma ko a makaranta ɗari da arba'in ta fi casa'in. Malam ya rage murya ya ce shi ba don lambar ya yarda ba, don mutuniyata ce, wato yarinyar. Ya tuna mani ni na sa ya daina ajiye motar kusa da tagar ɗaki saboda warin fetur, ni ce kuma nake sa shi wanke hannu da sabulu har sau biyu kafin ya ɗauke ta. Ya ce ba zai zuba abu mai wari a ƙarƙashin inda za ta zauna ba. Raina ya yi sanyi, har na sa mashi man shanu da yawa a ranar.

Da la'asar Gide ya dawo zubawa, na koma bayan ƙyaurena. Baba na kan tabarma a gindin dalbejiya, Malam na tsaye riƙe da galan yana jiran yabo. Gide ya buɗe, ya shinshina, ya ce mai ne mai kyau, amalanken shanu zai ji daɗinsa. Malam ya tambaye shi me yake nufi. Gide ya ce ba komai, su dai a Kaduna mai warin suke zuba wa irin wannan tulun. Warin na wani magani ne da ake haɗawa a ciki, shi ke manne wa haƙora in nauyi ya matse su. Marar warin, duk kaurinsa, in mota na tafiya ba kaya zai yi, amma in ta ja nauyi a hawa sai haƙoran su share shi su gogi juna tsirara, su yi zafi. In tsautsayi ya sa suka cije a gangara, ga tirela a baya tana turo mota, to sai dai abin da Allah ya yi. Ya ce yana ma da gwangwanin mai warin a akwatinsa. Yana gama faɗin haka ya ce amma mai duk mai ne, manya sun riga sun zaɓa, shi kuma tun safe bai ci komai ba. Ya ɗauki mazurari.

Malam ya dubi galan, ya dubi Baba. Ba zai iya warware zaɓin ƙanen mahaifinsa a bakin titi ba, na sani. Baba ya ce shi a shekarunsa bai taɓa ganin abin da ya yi wari ya gyara wani abu ba.

Ban san lokacin da na yi gyaran murya ba. Na durƙusa a bayan ƙyaure na gaida Baba, ya amsa yana murmushin da nake jin sautinsa ko ban gani ba. Na ce ina neman afuwa, injin niƙan nan nake ji wa, sabo ne dal, kada a je gangara ta yi mashi illa.

“Allah ya yi maki albarka, Larai,” in ji Baba. “Injin nawa ne. In ya faɗa rafi na yafe. Gide, zuba.”

Na ce to motar fa, Malam ya sha wahala kafin ya same ta.

“Motar ɗana ce, na yafe mashi ita. Ni kuma tsoho ne, na ci zamanina. Direban ma ya girma, ya san inda zai dira. Saura me a cikin motar da ba a yafe ba?”

Ina jin numfashin yarinyar a tsakanin kafaɗuna, da ɗumin kumatunta ta cikin zane. Ta tsagar katako na ga Gide ya kafa mazurari a bakin hudar, ya karkato galan.

“Baba, Hajaratu ce za ta zauna a kan tulun nan,” na ce. “Ɗiyata. Mai warin za a zuba.”

Galan ya tsaya a hannun Gide. Malam ya sunkuyar da kai yana duban tayar gaba kamar yau ya fara ganinta. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, na ja ƙyauren na rufe bakin ramin. Sunan surukata, da sunan 'yar fari, a baki ɗaya, a gaban ƙanen uban miji, da bakanike a matsayin shaida.

Baba ya zaro tsinken ashana ya shiga sosa kunne. Ya ɗauki lokaci yana yi. Can ya ce wa Malam tun da kunnen nan nasa ya fara ciwo ba ya jin muryar mata in daga zaure ta fito, bai san ko an yi magana ba. Sai dai hancinsa ne ya sake shawara. Ya tuna daddawa ma wari gare ta, kuma bai taɓa cin miyar kirki ba ita ba. Ya ce Gide ya ɗauko gwangwaninsa, zumar kuma a ajiye wa amalanke.

Gide ya ɗura mai warin har sai da ya fara tsiyaya ta hudar gefe, ya ce alamar ƙoshi ke nan, ya ɗaure noti. Ya buɗe hudar numfashin da tsinke. Warin ya ratsa zaure ya shiga har madafa.

Tunda na riga na zubar da kunyata a ƙofar gida, sai na ga ba amfanin in bar sauran a cikin tulu. Ta bakin Malam na riƙa aika saƙo. Na tambaya ko akwai irin tulun nan a gaba, aka ce akwai, na ce a duba shi. Na leƙa na ga abin da Gide ya zura a ƙugiyar tirela wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ya tsinta, na ce a nemo na gaskiya mai makulli, a kuma ƙara da sarƙa, don ko akuya ba a ɗaure ta da igiya ɗaya in za a kasuwa mai nisa. Sun ɗora injin can wutsiyar tirela har bakinta na ɗagawa sama. Duk wadda ta taɓa ɗaukar tulu a ka ta san in nauyi ya koma baya wuya ke wahala, na ce a matso da shi saman tayoyi, a ɗan fi ba gaba. Gide ya ce dama haka ake yi a Kaduna, yana shirin faɗa ke nan. Aka ƙara wa tayoyin baya iska, aka gwada birki a gangaren bayan kasuwa. Baba ya ce shi bai san injiniya aka auro wa ɗansa ba, da ya ƙara sadaki.

Muka tashi da safe bayan an kwana ana ruwa. Na sa aka cika kwalba da ragowar man saboda hanya, Gide ya toshe bakinta da totuwar masara, na riƙe ta a gefen cinyata don kada ta fashe. Yarinyar na kan ƙafata. Muna fita gari na kasa kunne. Malam ya taka totur, na jira sauron nan. Ya ɗan yi ƙus-ƙus kamar mai neman hanya, daga nan ban ƙara jinsa ba sai ƙarar sarƙa da tsalle-tsallen tirela.

Bayan Faskari hanya ta zama abin da ta zama. A bakin wata gangara mai laka da rafi a ƙasanta Malam ya tsaya, ya ja ƙaramar sandar giya mai jan kai, motar ta riƙa sauka a hankali tana gurnani kamar tsohuwar saniya, tirela na bin ta ba gardama. Baba ya daina labari, ya ciro carbi. Muka haye ruwan, muka hau tudun da ke gaba. A saman tudun Malam ya kashe mota, ya tattare rigarsa, ya durƙusa a cikin laka, ya miƙa hannu ya dafa tulun da tafinsa yadda nake dafa goshin yarinyar da asuba. Na ɗaga tamfol na tambaye shi ko da zazzaɓi. Ya ce ɗumi ne na lafiya.

Totuwar Gide ce ba ta riƙe amana ba. Tun kafin rafin kwalbar take tsiyaya ban lura ba, sai da na ji yarinyar na ture ni tana kau da fuska. Zanena na fita unguwa ya sha mai daga cinya har gefen riga. Ta nemi nono sau ɗaya, ta matso, ta shaƙa, ta yamutsa fuska irin ta kakarta mai sunan, ta juya mani ƙeya.

Muna isa Sabuwa Inna ta fito tarye, ta rungume ni, ta sake ni da sauri tana toshe hanci da gefen mayafi. Ta tambaya ko a kan ƙwai na zauna tun daga Ƙanƙara. Yarinyar kuwa tana ganin hannu mai ƙanshin turaren wuta ta miƙa nata biyu, ta tafi ko waiwaye babu. Inna ta ce ta jiƙa maɗaci tun jiya don a shafa mani a nono in yarinyar ta yi gardama, ashe na zo da nawa. Da Baba ya shigo gaisuwa ya ce wa Inna ta yi tarbiyya, bai taɓa ganin yarinya mai tausayin injin niƙa kamar ɗiyarta ba. Inna ta dube shi, ta dube ni, ba ta tambaya ba.

Kashegari muka juyo. Baba ya tsaya kafa injinsa, tirela ma aka bar ta can. Na fito tun yarinyar na bayan Inna tana shan kunu, ban yi mata sallama ba, don ba a yi. Da muka bar gari Malam ya tsaya ya buɗe ƙofar gaba, ya ce ba kowa a hanya, in dawo kujera mai laushi. Na ce a'a, gara in zauna a baya in riƙa saurarar mashi tulun.

Motar ta yi sauƙi, tana ta gudu. Tulun bai ce komai ba. Hannuwana na rasa inda zan sa su, sai na riƙe kwalbar. Mun kusa rafin nan Malam ya rage gudu, ya ɗan karkato kai ba tare da ya waiwayo ba.

“Larai, kamar ina jin wani ɗan ƙara a baya. Siriri haka. Ko in tsaya in duba?”

Na goge fuska da gefen zanen da bai sha mai ba.

“Ba motar ba ce, Malam. Dubi gabanka.”

Ya ce to, dama ya faɗa ne don a san shi mutum ne mai lura. Ya miƙo mani hankicinsa ta saman kafaɗa, ya ja sandar mai jan kai, muka gangara.